Ranar Da Jeannine Ta Sauka Daga Kujera

Jeannine Caron ta yi shekara talatin da ɗoriya tana tuƙa motar 'yan makaranta, doguwar nan mai launin ruwan ɗorawa, kuma duk wanda ya taɓa hawa motarta zai shaida ba ta ɗaga murya. Madubi kawai take kallo. Yaro yana cikin tsalle a kujerar baya sai jikinsa ya ba shi, ya ɗago kai su haɗa ido ta madubin, ya koma ya zauna kamar ruwa ya cinye shi. Da wannan idon ta riƙe ƙungiyar mazauna Alder Brook wajen shekara ashirin.

Alder Brook unguwar gidajen tirela ce a arewacin jihar New Hampshire ta Amurka, irin gidajen da ake haɗawa a masana'anta, a jawo su da babbar mota a dasa. A da, gidan naka ne amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta mai fili ce. Wata shekara mai filin ya ce zai sayar wa masu gina kantuna, kowa ya san inda dare ya yi masa. Hanyar tsira ɗaya ce, mazauna su kafa ƙungiya su sayi filin da sunanta. Sai aka kira taro a zauren 'yan kwana-kwana.

Abin bai yi kama da taro ba, kasuwa ce ta ci. Maza masu manyan murya suka mamaye gaba, wannan na magana wancan na katse shi, wani na zagin mai fili, wani na zagin mai zagin. Jeannine ta ɗaga hannu har kafaɗarta ta ƙage, ba wanda ya dube ta. Can sai Armand Roy, makanikin unguwar, ya zaro sifana daga aljihu ya buga a kan tebur.

"Kai, ku rufa mana baki! Matar Leo ta ɗaga hannu tun ina da gashi a kaina."

Aka kwashe da dariya, sannan aka yi tsit. Ta miƙe, ta tambaya ko rijiyar da ke ba unguwar ruwa tana cikin filin da za a saya. Tambayar ba ta ɗauki daƙiƙa goma ba, amma har ta tsufa tana cewa ranar ce ta fara jin muryarta a cikin jama'a, kuma Armand ne ya ara mata wurin.

Bayan nan wata mata daga ƙungiyar da ke taimaka wa irin waɗannan unguwanni ta zo ta koya musu yadda ake gudanar da taro, ta bar musu ɗan littafin ƙa'idoji. Kowa ya juya shafi biyu ya ajiye. Jeannine ta sa shi a jakarta. Tsakanin jigilar safe da ta rana takan kashe mota a bayan makaranta, ta buɗe shi a kan sitiyari, kofinta na hucewa a gefe.

Abin da ta tarar a ciki ya kwanta mata a rai. Magana ɗaya ake ɗauka a lokaci ɗaya. Mai son a yi wani abu ya miƙe ya kawo ƙuduri, wani ya ce ya goyi baya, sannan a buɗe muhawara. Ba ka magana sai shugaba ya kira sunanka, kuma da shugaba kake magana, ba da maƙwabcin da kuke rigima a kan shinge ba. Ba mai magana sau biyu alhali akwai wanda bai yi ko sau ɗaya ba. Mai goyon baya ya yi, mai adawa ya yi, bi da bi. Masu rinjaye ke yanke hukunci, amma sai an saurari marasa rinjaye tukuna. Shugaba kuwa alƙalin wasa ne. Ba ya kawo ƙuduri, ba ya shiga muhawara. In abu ya ci masa rai har ya ga dole ya yi magana, sai ya sauka daga kujera ya bar wa mataimakinsa, kuma ba zai koma ba sai an gama da batun.

Ita ba ta ɗauki wannan a matsayin ƙaƙale ba. Gani take an rubuta shi ne musamman don mai ƙaramar murya da ke can baya da hannu a sama.

Da aka sayi filin, aka zaɓe ta sakatariya, daga baya shugaba, daga nan kuma kujerar ta zame mata wurin zama. Ta sa an daina taro na awa huɗu. Ta sa maƙwabta biyu da ba sa ga maciji sun yi shekaru suna faɗa wa juna baƙar magana ta hannunta, kowa na farawa da "Madam Shugaba," har faɗan ya gaji ya mutu. A gida kuwa mijinta Leo, mai aikin fenti, ya mai da abin tsokana.

"Leo, miƙo min gishiri."

"An kawo ƙuduri. Akwai mai goyon baya? Babu. Ƙuduri ya faɗi."

"Za ka kwana a mota."

"Wannan barazana ce ga memba, Madam Shugaba. Ina neman a rubuta."

Doreen Pike ta zo unguwar bayan an sayi filin, aurenta ya mutu, da 'ya'ya mata biyu da tsohuwar motar da sai an tura take tashi. Gyaran gashi take wa mata a ɗakinta. Gidanta yana kallon na Jeannine, gidan Armand kuma yana manne da na Doreen ɗin. Jeannine ce ta fara ƙwanƙwasa mata ƙofa da tukunyar gasasshen wake, ita ta riƙa dawo mata da yaran har ƙofar gida, ita ta zauna da ita a asibiti ranar da ƙaramar ta karye a hannu. Doreen kuma ita ta riƙe gidan Jeannine lokacin da mahaifiyarta ke jinyar ajali. Suka zama ba a jin kansu. Doreen ce kaɗai a duniya ke kiran ta Neen.

Doreen mace ce mai kai da baki, amma in ta tashi magana a taro sai ta hau kan mutane da faɗa. Jeannine ta ga akwai abin gyarawa, ta shiga koya mata a teburin kicin.

"Wannan kwalbar gishiri ƙuduri ce. Barkonon nan gyara ne da wani ya kawo a kanta. Wanne za a fara jefa wa ƙuri'a?"

"Gishiri mana."

"Kin faɗi. Gyara ake fara yankewa, sannan a koma kan uwar magana."

"Ke Neen, ni fa gashi nake gyarawa, ba kotu zan buɗe ba."

"Zauna, ba mu gama ba."

Wata rana ta koya mata wanda ita kanta ba ta so. Ta ce akwai ƙudurin a rufe muhawara. Shi ba a tattauna shi, da an kawo an goyi baya sai ƙuri'a. Shi ya sa rinjaye kawai bai isa ba, sai kashi biyu cikin uku sun yarda, don toshe bakin mutane ba ƙaramin abu ba ne. In kuwa ya wuce, shi ke nan, ba sauran gyara, ba sauran a ɗage, ba sauran a miƙa wa kwamiti. Kai tsaye za a yanke hukunci.

Doreen ta tafa hannu. "Ashe masu surutu suna da magani!"

"Magani ne mai ɗaci. Ni ban taɓa jin daɗin ganin an sha shi ba."

A shekarar da ta biyo baya Jeannine da kanta ta tsayar da Doreen mataimakiya, kuma tun daga nan tana zaune a hagunta a kowane taro.

Shekaru suka ja. Simone, matar Armand, ta rasu, shi kuma ya fara sakin layi. Can da ma yana tara tsofaffin injuna a bayan gidansa don ciro kayan gyara, amma Simone na taka masa birki. Da ta tafi sai tarin ya zagayo gaba: injunan yankan ciyawa, tayoyi, firji marar ƙofa, batura, gwangwanayen mai. Kwamitin ƙungiya ya yi masa kashedi, ya ce to. Aka sake, ya ce to, ya kwashe tayoyi biyu ya mai da su wancan gefen. Yakan kira Jeannine da sunan matarsa, sannan ya ankara ya yi dariya. Yaran unguwa dai ba su daina kawo masa kekunansu ba, kuma bai taɓa manta yadda ake ɗaura sarƙa ba.

Da kaka, yana walda a bayan gidansa, tartsatsi ya faɗa kan busasshen ganye. Wutar ta cinye shingen da ke tsakaninsa da Doreen, ta lashi bangon ɗakin da jikokinta ke kwana in sun zo hutu. 'Yan kwana-kwana suka kashe ta, ba wanda ya ji ciwo. Amma unguwa ta tsorata, kuma da gaskiyarta, don gidajen nan in wuta ta kama ɗaya ba ta tambayar na wa ne na gaba.

Curtis Blaisdell, wani tsohon direban babbar mota da bai daɗe da tarewa ba, mutum mai son tsafta har yana wanke titin ƙofar gidansa, shi ya ba da sanarwar ƙuduri don babban taron shekara: a cire Armand Roy daga ƙungiya. Kowa ya san ma'anar haka. Wanda ba memba ba ba shi da wurin zama a filin.

Sanarwar ta cika ƙa'ida, don haka Jeannine ta sa ta a ajanda kamar kowace. Amma abin ya hana ta sukuni. Ana saura 'yan kwanaki taro, Doreen ta shigo da yamma ta same ta ta tasa shayi a gaba bai ko taɓu ba.

"Ke kuma lafiya? Kamar an ce miki an soke Kirsimeti."

"Armand ne, Doreen. Na san ke wutar ta fi shafa, ban ce ba ki da hujja ba. Amma mutumin nan ya haura tamanin. Ina za shi?"

Doreen ta ja kujera. "To me kike so a yi?"

Jeannine ta zayyana mata komai. A miƙa batun ga ɗan kwamiti zuwa bazara. Ita da Leo da duk mai so su kwashe tarkacen. A karɓe injin waldar. A nemo 'yar ɗan'uwansa da ke jihar Maine a zauna da ita. In bazara ta zo abin bai gyaru ba, ita da bakinta za ta ce a cire shi.

"Matsalar ita ce ba ni da ikon kawo ƙuduri daga kujera. Na ce Leo ya kawo, kin san Leo, zai tashi ya ba da labarin kamun kifi."

"Leo? Rufa mana asiri." Doreen ta yi dariya, sannan ta kama hannunta. "Ke za ki faɗa, Neen. Ba wanda za su saurara sai ke. Ki sauko, ni zan riƙe miki kujera. Ba don irin wannan ranar kika koya min ba?"

"Ban taɓa sauka ba fa."

"To sau ɗaya dai. Ki bari su fitar da abin da ke cikinsu tukuna, Armand ya yi tasa, sannan ki sauko ki rufe da taki."

Jeannine ta miƙe. Ta raka ta har ƙofa tana cewa ban da ke da ban san yadda zan yi ba.

Ranar Asabar da hantsi zauren 'yan kwana-kwana ya cika fiye da yadda aka saba. Har mutanen da ba a gani sai ranar rabon kyauta sun zo. Jeannine ta lura da haka, ta ɗauka wutar ce ta fito da su. Ƙamshin kofi da donat ya gauraye da na jiƙaƙƙun riguna. Armand na zaune a layi na biyu, ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Simone, ya ɗora hula a gwiwa.

Ta buga 'yar gudumar katako ta buɗe taro. Aka tabbatar adadin mahalarta ya isa, aka karanta bayanin taron baya aka amince, aka ji rahotanni. Da aka zo kan batun, Curtis ya miƙe ya kawo ƙudurinsa, aka goyi baya, ya yi magana a natse, ba zagi. Ya ce ba ya ƙin tsohon, amma yana son ya kwanta barci ba tare da ya shinshina iska ba. Wata dattijuwa ta tashi ta ce Armand ne ya gyara mata na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar sanyi bai karɓi komai ba. Wani matashi mai jariri ya ce duk ya ji, amma ɗansa fa? Haka Jeannine ta riƙa bi da su, wannan ɓangare, wancan ɓangare, fuskarta ba ta nuna komai.

Sannan Armand ya ɗaga hula, ta kira shi.

"Madam Shugaba," ya ce, ya tsaya yana neman zaren maganar. "Kayan nan ba shara ba ne. Injin ciyawar Blaisdell ma da kayan can na tashe shi, ga shi nan ku tambaye shi." Wasu suka yi 'yar dariya. "Simone takan ce... ai ita ce ke sanin inda komai yake. Da tana nan..." Ya dubi hular hannunsa kamar a ciki sauran maganar take. Sannan ya zauna.

Sai Jeannine ta ce, "Shugaba na son shiga muhawara. Mataimakiya za ta riƙe kujera har a gama da wannan batu."

Ta miƙa wa Doreen gudumar, ta zagayo tebur, ta sauko cikin jama'a kusa da Leo. Ba ta ma zauna ba. Ta juyo, ta ɗaga hannu.

"Madam Shugaba."

Doreen ba ta dubi wajenta ba. Idonta na can ɗaya gefen zauren.

"Wanda ya yi magana na ƙarshe mai adawa da ƙudurin ne," ta ce, muryarta a daidaice, irin yadda aka koya mata. "Yanzu juyin masu goyon baya ne. Misis Blaisdell."

Gail, matar Curtis, ta riga ta miƙe. "Madam Shugaba, ina kawo ƙudurin a rufe muhawara."

Ba ta rufe baki ba murya uku suka ce sun goyi baya, daga kusurwa uku na zauren.

Leo ya zabura. "Haba! Ga ta nan a tsaye! Makanta ta same ku ne?"

Doreen ta buga gudumar. "Mista Caron, ba a kira sunanka ba. Wannan ƙuduri ba a muhawara a kansa."

"Doreen, ke ce kuwa? Ke da kike cin abinci a..."

Jeannine ta riƙe masa hannun riga. Kanta ya riga ya gama zagaye littafin nan shafi shafi yana neman ƙofa, bai samu ba. Juyin masu goyon baya ne, gaskiya ne. Mai juyi yana da ikon kawo wannan ƙuduri, gaskiya ne. Ba inda aka taka ƙa'ida ko da faɗin yatsa.

"Zauna, Leo," ta ce a hankali. "Daidai take."

"Masu goyon bayan a rufe muhawara su miƙe."

Kujeru suka yi ƙara. A nan ne Jeannine ta gane. Ta yi shekaru tana kallon mutanen nan suna jefa ƙuri'a, ta san yadda suke yi: kowa sai ya saci kallon maƙwabcinsa, ya ɗan ɗaga ɗuwawu, ya jira wani ya fara. Yau ba wanda ya kalli wani. Tare suka tashi, kamar ɗalibai da aka yi wa atisaye. Har da matan da ke zuwa gyaran gashi wurin Doreen, har da waɗanda ba sa zuwa taro. An bi gida gida ke nan. An san abin da za ta faɗa, an san lokacin da za ta sauko, kuma mutum ɗaya tak ta gaya wa.

Sun haura kashi biyu cikin uku, ba a ma buƙaci sake ƙirga ba. Aka wuce kai tsaye kan uwar magana. Jeannine ta tsaya tare da marasa rinjaye, ita da Leo da dattijuwar nan da wasu tsiraru. Doreen ta sanar ƙuduri ya wuce.

Armand ya karkata wajen na kusa da shi, ya tambaya da ƙarfi irin na mai nauyin kunne, "An gama? Me aka ce?" Mutumin ya sunkuyar da kai.

Doreen ta miƙe ta miƙo gudumar. "An gama da batun. Shugaba za ta koma kujerarta."

Leo ya ce mata su tafi gida kawai. Ba ta tafi ba. Ta taka zuwa gaba, ta karɓa ba tare da yatsunsu sun haɗu ba, ta zauna. Saura hanya ɗaya, kuma ba a hannunta take ba.

"Shugaba na tunatar da zaure," ta ce, "duk wanda ya jefa ƙuri'a tare da masu rinjaye yana da ikon neman a sake duba batun kafin a tashi."

Ta bi su da ido layi layi, idon nan da ya zaunar da 'ya'yansu, ya zaunar da wasunsu ma suna yara. Wani ya shiga gyara igiyar takalmi. Wata ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba. Matashin nan mai jariri ya ɗan motsa, matarsa ta dafa masa gwiwa. Ba wanda ya tashi.

"Batu na gaba," in ji Jeannine, "ramukan titin shigowa."

Ta kai taron har ƙarshe. Ba ta tsallake komai ba, muryarta ba ta karye ba. Sai da suka shiga mota ta ga hannunta ya kasa ɗaura bel, Leo ya ɗaura mata.

Washegari bayan an taso daga coci Doreen ta ƙwanƙwasa. Jeannine ta buɗe, amma ta tsaya a bakin ƙofar, ba ta kauce ba.

"Ba za ki ce in shigo ba?"

"Faɗi a nan."

"Neen, ban karya ƙa'ida ko ɗaya ba."

"Na sani. Ni na koya miki."

"To ki saurare ni. Da kin yi magana da sun bi ki, kullum haka ne. Ki buɗe baki kowa ya narke, a ce a jira bazara, bazara ta zo a ce a jira kaka. Ni ce gidana ke manne da nasa. Ni na tsaya a titi da silifa ina kallon bangon ɗakin jikokina yana hayaƙi. Ke kina tsallaken titi."

"Me ya hana ki faɗa min haka a kicin? Da kin ce Neen, ba na tare da ke, zan yaƙe ki a zaure. Da na ce bismillah. Ki tashi ki faɗi taki, in faɗi tawa, a kayar da ni a gaban kowa, in dawo in dafa miki shayi. Amma kika riƙe hannuna. Kika ce in sauko."

Doreen ta kau da kai, idonta ya kawo ruwa, amma bakinta bai yi laushi ba. "Shekara nawa ina zaune a hagunki? Kin taɓa tambayata me nake gani kafin ki gama yanke naki? Ke dai a bi tsari, a bi tsari. To an bi."

"An bi," in ji Jeannine. Ta rufe ƙofar a hankali, ta jingina da ita har ta ji takun Doreen ya tsallaka titi.

'Yar ɗan'uwan Armand ta zo daga Maine ta tafi da shi kafin sanyi ya yi tsanani. Jeannine da Leo da wasu mutum biyu suka kwashe tarkacen cikin 'yan makonni, abin da ya ƙara mata ciwo, don ta ga aikin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Gidan nasa ya tsufa da yawa, ba ya jawuwa, sai rushe shi aka yi. Da bazara babbar mota ta jawo sabon gida ta dasa a wurin. Babbar 'yar Doreen ce ta tare da yaranta, wadda sunanta ya daɗe a sahun masu jiran fili. Wannan ma bisa ƙa'ida aka yi. Jeannine ta tsaya a taga tana kallo ana sauke katifu. Ko tsoron wuta ne ya fara shiga zuciyar Doreen, ko filin, ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Ta ziyarci Armand a Maine sau da yawa. Yana zaune a ɗaki mai tsafta, ba ko ƙusa a ƙasa, hannuwansa a kan cinya ba abin taɓawa. Ba ya tuna taron. A zatonsa hutu ya zo, kullum yana tambaya ko an kula masa da kayan da ke bayan gidansa. A sanyi na biyu ya rasu.

Jeannine ta ƙarasa wa'adinta. Da aka zo zaɓe wani ya tsayar da ita, ta miƙe ta ce ta gode, ba ta karɓa ba. Aka zaɓi Doreen, kuma masu zuwa taro sun ce tana riƙe shi da kyau, ba a wuce awa ɗaya da rabi. Jeannine takan je wani lokaci, ta zauna a baya kusa da tukunyar kofi, ta jefa ƙuri'arta ta fito. In sababbin mazauna suka zo tambayarta yadda ake kawo ƙuduri, tana nuna musu, amma ba ta ƙara zaunar da kowa a kicin ɗinta ba.

Har yanzu gidajen biyu na kallon juna. In sun haɗu wajen akwatunan wasiƙa sukan ce ina kwana, Jeannine, ina kwana, Doreen. Bara aka yi wa Doreen aikin ƙugu, ta dawo gida da sandar dogarawa, 'yarta kuma tana fita aiki tun da sassafe. Da dusar ƙanƙara ta sauka, Leo ya leƙa taga ya hango matarsa a tsallaken titi da shebur, tana share matakalar Doreen. Ta share har bakin ƙofa, ta watsa gishiri don ƙanƙarar ta narke, ba ta ƙwanƙwasa ba. Labule ya motsa daga ciki, ba ta ɗaga kai ba.

Da ta dawo tana kakkaɓe takalmi, Leo ya ce, "An shirya ke nan?"

"Matakala na share. In ta faɗi, wa zai ɗaga ta?"

Ta rataye rigarta, ta ce ya ɗora ruwan zafi, yatsunta sun ƙage.